Na koma lakol ina Tahoua, ban bar aikina ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da labari ya bazu cewa na koma karatu kusan kullum sai wani ya tare ni, ko bakin masallaci ko cikin kasuwa ko ya turo min vokal a WhatsApp, tambayar dai guda ce, wai da gaske ne mutum na iya samun lisansi shina zaune Tahoua bai bar aikinshi ba bai bar iyalinshi ba? Amsar guntu-guntu da nike bayarwa a tsaye ba ta isa, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe ta gaba ɗaya yadda na gan ta, wanda za ta amfana Allah ya sa ta amfane shi.

Ni BAC G2 gare ni, na kontabilite. Lokacin da na same shi babu jami'a garinmu, in kana son ci gaba sai ka ɗauki jakarka ka tahi Yamai jami'ar Abdou Moumouni, wajen kilomita 550 ta Ƙonni da Dutsi da Dosso, kuma ni ne babba a gida, ƙarfin Baba ya fara ƙarewa ga ƙannai birjik. Abokaina da yawa ma bida sunka tahi, wasu Abijan wasu Libiya, ni Allah ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan kasuwa na riƙe mishi littafin shiga da hita, har yau kuma wajenshi nike. Da anka buɗe jami'ar Tahoua a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani masanin tarihin nan namu na Adar, na yi murna ƙwarai don akwai sashen shari'a da tattalin arziki da jestiyo, daidai abin da nike so kenan, amma mutumin da ke biro tun sahe har la'asar sakaliya ga aure ga ɗiya, ina ya ga lokacin zaman aji? Haka nika wuce ta gaban ƙofarta bisa moto shekara da shekaru ina kallon yara da jakunkunansu.

Abin da ya tashe ni tsaye ba wani abu ba ne illa dokar aikin ce ta canza ƙarƙashin ƙafata. Ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, har da Nijar, tsarin lissafi guda suke bi, kuma tun 1 ga Janairun 2018 sabon salon tsarin nan, wanda ake kira SYSCOHADA, ya fara aiki. TAFIRE, tablo ɗin nan mai nuna inda kamfani ya samo kuɗɗi da inda ya sa su, da munka sha wahalar koyo a lise, an ɗauke shi an kawo tablo na shiga da hitar tsabar kuɗɗi, wasu lambobin kont sun sauya, bayanan da ake haɗawa da bilan, wato lissafin dukiya da bashin kamfani na ƙarshen shekara, sun ƙaru sosai. Ni da ke riƙe da kes da faktir na shekaru, in ƙarshen shekara ya zo sai Alhaji ya biya wani kabine su haɗa takardun da za a kai ma masu ampo, ni aikina in kwashi kartan in kai musu in dawo. Wata rana wani yaro ɗan staj da anka turo muna ya zauna kusa da ni shina yi min bayanin yadda ake lissafin raguwar darajar kamiyon Alhaji kashi-kashi, inji daban jiki daban, cikin ladabi wallahi, shina ce min Yaya ka gani nan, Yaya duba nan. Ban ji haushinshi ba ko kaɗan, yaron kirki ne, amma daren nan na san cewa in ban tashi ba aikin da na iya zai tsufa a hannuna.

To sai bincike. Nan ne nike so ku buɗe kunne da kyau don nan ne ake cin kuɗɗin mutane. Karatun intanet ba iri ɗaya ba ne. Akwai darussan da kowa ke iya shiga, na YouTube da Coursera da FUN MOOC, suna da amfani sosai ni kaina da su na wanke kaina kahin in fara, amma abin da za ka samu a ƙarshe atestasiyo ce ta cewa ka bi darasi, ba diplom ba ce ta jami'a, kar wani ya ruɗe ka. Sannan akwai jami'o'i na gaskiya da gwamnatoci sunka kafa don karatu daga nesa, Senegal ta buɗe tata a 2013 wadda yanzu ake kira da sunan Cheikh Hamidou Kane, Kodebuwa a 2015, Burkina a 2018, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna da NOUN tun da daɗewa ga wanda ya iya Ingilishi, kuma akwai jami'o'in da ke da aji na zahiri amma sunka buɗe reshen nesa. Sai kuma na ukun, masu talla a Facebook da hoton bature da hular gama karatu, lisansi cikin wata 6, master cikin wata 8, turo kuɗɗin rajista yau kahin gobe. Ƴan uwa lisansi a tsarin LMD, wato lisansi-master-doktora da jami'o'i ke bi, shekara 3 ce, zango 6, kredi 180, kowane zango 30, master kuma shekara 2 bisa wannan. Duk wanda ya ce ma baƙo da BAC kaɗai zai ba shi lisansi kahin damina ta zagayo takarda zai sayar mishi, kuma ranar da ya kai ta wajen konkur ko neman aiki ranar zai gane.

Abin da za ka tambaya tun farko shi ne gwamnatin ƙasar da makarantar take ta yarda da ita? Sannan diplom ɗin da kake so, shi kanshi ba makarantar kawai ba, CAMES ta amince da shi? Mutane da yawa ba su san ma a nan Yamai anka haifi CAMES ba a 1968, ko da yake hedikwatarta na Wagadugu, ita ce ke duba darajar diplomomi tsakanin ƙasashenmu, kuma ana iya duba jerin waɗanda ta amince da su. In kai ma'aikacin gwamnati ne kana fatan a ɗaga maka matsayi, je ka ga masu kula da ma'aikata na sarbis ɗinku kahin ka biya ko dala, ka ji sharuɗɗan da bakinsu, kar ka gama shekara 3 sannan ka je tambaya. Kuma in kuɗɗin makarantar da yuro anka rubuta ka ninka da 656 ka ga abin da ya kama da sefa, don 1000 a rubuce ba ta da ban tsoro sai ka juya ta ka ga jaka 656.

Ni dai daga ƙarshe wata jami'a na zaɓa ta wata ƙasa can yamma da mu, lisansi ta kontabilite da kuɗɗi. Ba zan faɗi sunanta ba don ba talla nike ba, kowa shi yi binciken kanshi.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Kowa tambayarshi nawa ake biya, wace waya, wane ordinater, mega nawa. Ba wanda ya taɓa tambayata ina ka samo lokacin. Alhali shi ne abu mai tsada duka. Babban mutum mai aiki da iyali ba shi da wani lokaci ajiye cikin akwati da zai ɗauko, kowace awa ta yininshi akwai mai ita, ta Alhaji ce ko ta maiɗaki ko ta yara ko ta Inna ko ta abokai ko ta barci. In ka ce za ka yi karatu awa 2 kullum to daga hannun wani za ka karɓe ta, kuma in ba ka roƙe shi ya ba ka da daɗin rai ba wallahi karatun ba ya nisa.

Ku duba ko agogo ma. Mu Nijar muna gaban Dakar da Abijan da Wagadugu da awa 1. Malami ya sa darasi kai tsaye ƙarfe 6 na yamma wajensu don ma'aikata su samu tashi daga aiki, mu nan ƙarfe 7 ne, ka sallame magariba kenan, kahin a yi nisa an kira isha'i, ga tuwo an sauke yara na jiran Baba a ci tare. Wannan lokacin a gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne. Shi ya sa kahin in biya kuɗɗin rajista na zaunar da maiɗakina na gaya mata komi, shekara 3 ne, kuɗɗin da munka so mu ƙara ɗaki da shi zai ragu, hirar dare za ta ragu, wani lokaci za ki gan ni cikin gida amma kamar ba ni nan. Ta yi shiru ta ce Malam in dai za ka kai shi ƙarshe na yarda, amma ranar Juma'a da dare tamu ce ba littafi ba waya. Kuma haka ake yi har yau. Ita ce ke kwashe yara ta kai su ɗakin Inna in ina da darasi, ita ke ajiye min abincina a rufe, ita ke tashina in ta ji kiran assalatu na fari don ta san kahin asuba kaina ya fi ɗauka. Ranar da za a ba ni takardar nan sunana kaɗai za a rubuta amma ni na san ba ni ɗaya na yi ta ba.

Fada kuwa sai da na bar ta, kuma ta yi min zafi. Mu da munka saba tun muna samari bayan isha'i a shimfiɗa tabarma a ɗora shayi, na fari na biyu har na uku, ana belot ana gardamar kokowa da siyasa. Na je na gaya musu da bakina ban sulale ba, na ce ku yi min haƙuri sai ranar Asabar. Wasu sun fahimta, wasu sunka ce boko ya ɗauke muna kai da tsufa. Babbanmu na fada ne ya kashe maganar ya ce ku ƙyale shi, in ya gama mu ma mun samu mai duba muna takardu. Amma zumunci ba ya jiran egzame, suna da ɗaurin aure da jana'iza da gaisuwar rasuwa ba ka cewa ina da debuwar, kuma bai kamata ka ce ba. Abin da na koya shi ne in gama aikin da anka ba mu tun da sauran kwanaki, don ban san wa zai buga min waya da asuba ba. Inna ma da farko ba ta gane ba, tana ganina da abin kunne ina magana ni kaɗai tsakar gida sai ta ce wai kai wane irin lakol ne babu mushe babu allo? Sai da na juya mata ekran ta ga malamin da farin gashinshi shina rubutu, ta ce to Allah shi ba da sa'a, tun daga nan in ta ji jikokinta na hayaniya ita ke tsawata musu.

Maganar kuran da rezo kun san ta ba sai na daɗe ba. Watan Afrilu da Mayu zafi ya haura 40, ɗaki ba ya zaunuwa, waya ta yi zafi a hannu har ta kashe kanta, ana tsakiyar darasi kuran ya ɗauke. A 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu lokacin takunkumin CEDEAO kowa ya ga yadda anka sha. Dabarata ba ta da yawa, ƙaramin pano da batiri da ke riƙe ordinater da ampul guda, sim 2 na kamfani daban-daban don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi, forfe na dare don sauke bidiyon darasi in kalla ba tare da koneksiyo ba, in Zoom ne in kashe kamera sai an ce a kunna don ita ke shanye mega. Darussan da ke kan Moodle, shafin intanet da makaranta ke zuba darussa, kuwa PDF ne yawanci, sai in zuba su a kle in kai wajen masu fotokopi a buga min, don ni idona bai jure karatun waya mai tsawo kuma ina son in ja layi da bik. Ordinater ɗin ma na hannu ne na saya, ya ishe ni, amma mai karatun lissafi kar shi ce da waya kaɗai zai yi, Excel a waya azaba ce.

Abu na biyu da ke riƙe mutum bayan gidanshi shi ne ƴan ajinshi. Karatun nan akwai kaɗaici, ba mai kiran suna da sahe, ba mai ganin ba ka zo ba, in ka ɓace mako 2 injin ne kawai ya sani. Grup ɗinmu na WhatsApp shi ya tsamo ni sau da yawa. Akwai wani malamin firamare a wani ƙauye da sai ya hau tudu kahin shi samu rezo, in ya samu sai shi kwashe komi lokaci guda, akwai mai aiki a kes na wani kanti, akwai wata baiwar Allah mai goyo da ke turo amsar lissafi ƙarfe 2 na dare don lokacin ne jaririn ya yi barci. Mu ƴan nan cikin gari da muke bin karatun nesa, ko da ba makaranta ɗaya ba, muna haɗuwa ranar Lahadi da hantsi a zauren ɗaya daga cikinmu kowa da abin da ya cije mishi. Abin kamar adashi ne, kowa na zubi kaɗan-kaɗan, ranar da ka rasa wani ya rufa maka. Waɗanda na ga sun bari, kuma suna da yawa, ban ga wanda ya bari don kanshi bai ja ba. Wani aiki ne ya yi mishi yawa, wani kuɗɗin zango na biyu ya gagara, wani kuma shiru kawai ya yi bai gaya ma kowa ya makale ba har abin ya taru ya fi ƙarfinshi.

Kuma bari in faɗi wannan don tana cina a rai. Matan da ke cikinmu wahalarsu ta ninka tamu. Ni in na dawo daga aiki akwai mai dafa min akwai mai kwashe min yara, ita in ta dawo ita ce mai dahuwar ita ce mai yaran. Ɗaya daga cikin masu ƙoƙarin ajinmu ta bari ba don komi ba sai don maigidanta ya ce ya gaji da ganinta da waya da dare. Na kwana biyu abin na damuna. Maza ƴan uwana, karatun nesa dama ce babba ga matanmu da ƙannenmu da aure ya katse ma lakol, ba ta tahi Yamai ba, ba ta kwana wani gari ba, tana ɗakinta. In ka amince mata to ka amince da gaske, ka ɗauki yaron awa ɗaya, ka ci abin da ya samu ranar egzame, ka sa mata forfe ba sai ta roƙa ba.

Egzame kuma ba wasa ba ne kamar yadda wasu ke zato. Namu wani ana yi da kamera a kunne ka nuna kart ɗinka ka juya ordinater su ga ɗakin, wani kuma sai ka je santar da sunka amince da ita ka zauna gaban mai tsaro da bik da takarda, ni Yamai nike zuwa, in shiga kar ta asuba in kwana wajen dangi. Ka sa wannan kuɗɗin mota da izinin maigidanka cikin lissafi tun farko. Na san akwai masu ba ChatGPT debuwar shi yi musu su kwafe, har akwai masu biyan wani. Ra'ayina a nan ba ɓoye ba ne, yaro ɗan shekara 19 in ya yi haka sai a ce ƙuruciya, amma kai da ka hana iyalinka hira ka hana kanka barci ka biya da guminka, mi ka zo nema in ba sanin ba? Ka tambaye shi shi yi maka bayanin abin da ba ka gane ba, wannan daidai ne ni ma ina yi, amma ka duba da littafinka don wani lokaci shina kawo tsarin lissafin Faransa ko na Amurka alhali mu na OHADA muke bi.

Abin da ya fi ba ni wuya ni ba lissafin ba ne, rubutun Faransanci mai tsawo ne, hannun da ya saba da faktir da resi an ce shi rubuta shafi 5 na nazarin shari'ar kasuwanci. Sannu a hankali ya dawo. Abin da ya fi min daɗi kuma shi ne abin da na karanta da dare da sahe ina ganinshi bisa tebur ɗina, wannan kuwa ɗan makarantar da bai taɓa aiki ba ba ya samunshi. TVA ta kashi 19 cikin 100, harajin nan da ake ɗorawa bisa kuɗɗin kaya, da nike cikawa da ka yanzu na san dalilin kowane layi, wadda anka karɓa da wadda za a cire. Na zauna da Alhaji na ce mishi ranka shi daɗe aljihunka daban kes ɗin kamfani daban, in za ka ɗauki na cefane ko na taimakon wani a rubuta shi a matsayinshi, in ba haka ba ba za mu taɓa sanin ribarmu ta gaskiya ba. Ya dube ni ya ce yaro wannan lakol ɗin naka ni ma ya fara shafata, amma ya yarda, kuma bilan ɗin bara ni na haɗa shi kabine dubawa kawai sunka yi sunka sa hannu.

Yanzu ina shekara ta ƙarshe, saura zango guda da rahoton ƙarshen karatu. Na roƙi malamin da ke bibiyata ya bar ni in yi shi kan ƴan kasuwar albasa na wajen Galmi, yadda suke riƙe lissafinsu tun daga sayen buhu a gona har lodin kamiyon da ke tahiya Abijan da Akara, don miliyoyi ke wucewa ta hannunsu amma yawanci a ƙaramin kaye ne ko a ka, ga asarar ruɓewa a rumbu da ba a rubuta ta ko'ina. Ya amince, ya ce in kawo tambayoyina a rubuce kahin in sauka wajensu. Alhaji ya yi min alkawarin zai haɗa ni da abokan huldarshi na can, in lokacin cirar albasa ya yi zan ɗauki hutuna in tahi.